Wasiƙa zuwa ga Sani kan finafinan Cainis na da

Aminina Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya iyali, ya zaman Kumasi? Mu nan sai godiya, in ban da hunturu da ya sako mu gaba.

Shekaranjiya da daddare barci ya ƙi zuwa, na shiga laluben tsofaffin finafinan Cainis a waya, irin waɗanda muke tara kuɗin tara mu shiga gidan kallon bayan layinku dominsu. Sai na faɗa kan Yes, Madam na 1985, wanda 'yan sanda mata biyu suke lallasa ƙarti. Ashe ɗayar Michelle Yeoh ce, wadda ta ci Oscar a 2023! Ba ma 'yar Hong Kong ba ce, inda aka yi fim ɗin; a Ipoh ta ƙasar Malesiya aka haife ta, kuma rawa ta koya tun tana ƙarama. Ɗayar Ba'amurkiya ce, Cynthia Rothrock, ita kam ta sha cin gasar kareti tun kafin ta shiga fim. Akwai inda Yeoh ta wuntsila ta baya daga barandar bene, ta fasa gilashi da kai, ta finciko ƙafafun ƙarti biyu suka rikito ƙasa. Sau uku ina maido da wurin baya.

A 1985 ɗin dai Jackie Chan ya fitar da Police Story, inda Maggie Cheung kusan ba ta da aiki sai fushi da ihu da faɗuwa. Da Jackie ya haɗu da Yeoh a kashi na uku a 1992 kuwa, Yeoh ce ta dira da babur a kan jirgin ƙasa yana gudu, a Kuala Lumpur.

To mata dai sun samu kaki. Abin da ya tsaya min a rai shi ne baƙar fata. Ka tuna ƙaton nan mai ƙirji kamar faifai da suka kara da Donnie Yen a saman bene a In the Line of Duty 4? Michael Woods sunansa. Mu ne fa muke kan benci muna ihun "Kashe shi!", alhali duk fim ɗin shi kaɗai ya yi kama da yayyenmu. Har wani mai faskare a unguwa muka laƙaba wa "Yaron Bos" saboda shi, Allah ya yafe mana. Jim Kelly ya fito a jarumi a Enter the Dragon na 1973, da tulin gashinsa, amma bos ya kashe shi ana tsaka da fim. Da aka ba Chris Tucker aikin ɗan sanda a Rush Hour a 1998, sai aka raba musu aiki: Jackie duka, shi surutu.

Ban dai ɗora wa masu finafinan Hong Kong laifin duka ba. Turawa ma miyagu suke yawan fitowa, kuma ka san Hong Kong tana hannun Ingila har 1997, wataƙila tasu hararar suke ramawa. Mu dai a gefe aka shafe mu.

In ka samu sarari ka kalli na Woods ɗin, ka faɗa min ko har yanzu bayan Donnie kake. Ni dai wannan karon tausayin ƙaton na ji. Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Bala