Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga wani kamfanin gyaran tsofaffin motoci a Jidda: ku dawo mini da kayan cikin agogon mahaifina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhaji, ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ban so abin ya kai mu nan ba. Sau biyu ina rubuto wa ofishinku da Larabci, sau huɗu ina zuwa da ƙafata, kullum amsar ɗaya ce: mudir, wato manaja, ba ya nan, a dawo bukra, wato gobe. Tunda da Hausa kuke tallar warsharku, wato garejinku, a Snapchat da zaurukan WhatsApp na 'yan'uwa mazauna Jidda da Makka, kuma da Hausar nan kuka jawo ni, bari in kawo kukana da ita a gaban waɗanda suka ji tallar. Ban kama sunan kamfanin ba, ban kama naka ba, albarkacin zumuncin da ke tsakanin iyayenmu tun suna zaune a Shari'u Mansur a Makka. Amma ka san da kai nake, yaranka ma sun san motar: farar Mercedes-Benz 280 SL ƙirar 1969, wadda na kawo muku a farkon watan Rajab.

Motar ta mahaifina ce, Allah ya jiƙansa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana tuƙa wani attajiri a garin nan, da ya zo ajiye aiki sai mutumin ya sallame shi da ita. Turawa na ce wa samfurin Pagoda saboda rufinsa da ya ɗan lotsa a tsakiya. Daga 1963 zuwa 1971 aka ƙera su, aka fara da 230 SL, sai 250 SL, aka rufe da 280 SL. Baba bai damu da wannan tarihin ba, shi dai 'yar fara yake ce mata. Kuma duk kyan injinta mai silinda shida, abin da ya fi shiga ransa shi ne ɗan agogon da ke jikin dasbod, tsakanin rediyo da akwatin gaban fasinja.

Dole in tsaya a kan agogon nan, domin na lura babu wanda ya fahimce shi a warsharku. Ƙirar VDO Kienzle ce ta Jamus, kuma ba irin agogon yau ba ne. Cikinsa irin na agogon da ake wanawa ne sosai, da haƙoransa da sifirin da ɗan gargaren da ke kai-komo yana tik-tik. Bambancinsa da agogon hannun kakanninmu shi ne, shi ke wana kansa. Idan sifirin ya kusa saki, sai wasu 'yan kontak guda biyu su haɗu, wutar batir ta shiga kwayil, maganaɗisu ya fizgi wani ɗan hannu, sifirin ya sake ɗaurewa, kontak su rabu. Duk bayan 'yan mintuna sai ka ji ƙas! Baba kan kai mu Kornish, bakin teku, bayan la'asar, ya kashe injin, ya ce mu yi shiru. Sai mu zauna muna jiran ƙas ɗin nan kamar masu jiran kiran sallar buɗa-baki. Idan ya buga sai ya yi dariya ya ce, "Kun ji? Yana da rai."

Yadda aka yi ya tsaya kuwa ba wani abin mamaki ba ne. Bayan rasuwar Baba motar ta yi wata bakwai a lulluɓe, babu wanda ya iya kallonta balle ya tayar da ita, batir ya sauka. Shi kuma agogon nan ko an zare makulli yana shan wuta. Idan batir ya yi sanyi, kwayil ba ya samun ƙarfin fizgar da za ta raba kontak, sai su maƙale, wuta ta yi ta bi, kwayil ya ɗau zafi. Bajamushen da ya ƙera shi ya san da haka, shi ya sa ya yi masa fis na musamman: wani ɗan ƙarfe da aka liƙa da dalma mai saurin narkewa. Da zafi ya kai, dalmar ta narke, ƙarfen ya ɓalle, wuta ta yanke, agogo ya tsira. Wato agogon Baba bai lalace ba. Kansa ya ceta.

Duk wannan na zayyana wa mu'alliminku, wato babban makanikenku, ranar da na kawo motar. Na roƙe shi a cire kan batir kafin a taɓa komai. Na ce ta baya ake ciro agogon, a fitar da akwatin gaban fasinja, a zura hannu a kwance notocin da suka riƙe maƙalinsa, a zare wayar wuta da ta ɗan ƙwan fitilarsa, shi ke nan ya fito salin-alin. Na kuma ce kada a canza ko da ƙusa ɗaya sai an kira ni. Ya yi murmushin nan na wanda ya ga mai shisshigi a sana'ar da ba tasa ba, ya ce, "Ya ammi, irinsa nawa muka gyara." A takardar karɓar aiki da ke hannuna an rubuta islah, gyara. Ba a rubuta tabdil, wato canji, ba. Ka riƙe wannan, Alhaji, za mu dawo kansa.

Kwana goma sha ɗaya na zo ɗaukar mota. Riyal 1,800 kuka caje ni, da harajin kashi 15 cikin ɗari ya zama 2,070. Na biya ban yi ciniki ba. Ina shiga idona ya sauka kan dasbod, gabana ya faɗi. Fuskar dasbod ɗin wannan mota ƙarfe ne da aka fesa wa fenti launin jikinta, kuma fentin nan na asali ne, tun daga masana'anta. Wani ya sa sukudireba ta gaba ya ɓanɓaro agogon. Zoben ƙarfe mai ƙyalli da ya kewaye gilashin ya lotsa a wuri biyu, fenti ya ɓare kamar girman farce a gefen hagu. Da na nuna, sai aka ce ai haka na kawo ta. Allah ya sa na ɗauki hotuna da safiyar ranar a ƙofar warsharku, allon sunanku ma ya fito a ciki. Da aka ga hotunan magana ta koma, "Malesh, za mu shafe maka." Na haɗiye, saboda agogo na tafiya, kuma na ji ƙas ɗinsa.

Kwana tara ya yi. Ranar Asabar muna hawan dutsen Hada za mu Ɗa'if, ni da babban ɗana, don motar kujera biyu gare ta, sai na ji ƙauri. Ba ƙaurin birki ba, ba na kuloci ba, ƙaurin waya. Yaron ya ce, "Abba, hayaƙi!" Wani siririn hayaƙi na fitowa ta gefen agogon. Duk wanda ya san hanyar nan ya san ba ko'ina ake samun wurin tsayawa ba, kwana ce bayan kwana, ga motoci a bayanka. Da ƙyar na samu gefe, na buɗe bonet, na kwance kan batir hannuna na rawa. Motar da ta haura shekara hamsin, da tsofaffin wayoyi da katako da fata a gabanta, ba ta buƙatar wuta mai yawa.

Na dawo muku da ita a kan motar ɗaukar mota, da kuɗina. Wannan karon mako uku ta yi. Da na karɓa agogo na tafiya daidai da wayata, ko minti ɗaya ba ya ci. Amma shiru. Babu tik-tik, babu ƙas. Na zauna a ciki minti ashirin injin a kashe, cikin zafin Jidda, gumi na zuba, ban ji komai ba. Mu'allimi ya ce wai mai suka sa masa ya yi laushi.

Ban yarda ba. Na ciro agogon da kaina ta hanyar da na gaya musu tun farko, bai ɗauke ni rabin awa ba, na kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a Balad, tsohon garin Jidda. Ya kwance 'yan notocin farar murfin baya, ya leƙa da madubinsa, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗana, wa ya yi maka haka?" Babu sifirin, babu haƙora, babu kwayil. An kwashe komai, an cusa injin roba na kwaz irin na agogon bango, an liƙe da gam. Fuska da hannaye ne kawai na Baba. Ungulu da kan zabo ke nan, kuma a cikin motata.

Dattijon ya nuna mini cikin murfin, inda roba ta yi baƙi ta narke. Ya nuna mini 'yar takardar da ke manne a jikinsa tun daga Jamus, wadda ta ce a liƙe fis ɗin da dalma mai narkewa a digiri 120. Dalmar da masu gyaran rediyo ke amfani da ita sai ta haura digiri 180 kafin ta narke. Idan ka liƙe da ita, ka kashe fis ɗin ke nan, ranar da kontak suka sake maƙalewa kwayil ne zai ƙone a madadinsa. Da na koma na tsare mu'alliminku da wannan, a gaban yara biyu, bai musa ba. Cewa ya yi, "Dalma ai dalma ce." Ya kuma amsa cewa sun fesa wa cikin agogon man kwance tsatsa. Man nan na noti ne da ya ci tsatsa. A cikin agogo danƙo yake zama, ya kama ƙura, ga raɓar teku ta garin nan, haƙora su yi nauyi, kontak su yi datti. Dattijon ya ce aikin gaskiya bai wuce wanke injin, goge kontak, ɗiga man agogo da bakin allura a inda ya dace, da liƙe fis da dalmarsa ba. Garin gyaran gira kun tsone ido, sannan kuka rufe idon da tabarau kuka miƙo mini.

Kada a ce na tsani kwaz ne. Mutane da yawa na mayar da tsofaffin agogunan mota kwaz da saninsu, kuma suna da hujja: ya fi riƙe lokaci, ba ya neman kulawa. Na Baba kan ci 'yan mintuna a mako, akwai ma ɗan sukurun saiti a bayansa saboda haka. Da kun kira ni kun ce, "Mun yi kuskure, kwayil ya ƙone, ga zaɓi," da raina zai ɓaci, amma da mun zauna mun yi magana irin ta 'yan'uwa. Ɗan Adam ajizi ne, kowane mai sana'a yana da ranar da hannunsa ya goce. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne ɓoyewar, da kallon idona da aka yi aka ce mai ne. Takardarku ta ce gyara. Abin da kuka yi canji ne, ba da izinina ba, kuma kuka riƙe kayana.

To ina kayan? An fara ce mini suna cikin durowa, makullin na hannun wani da ya tafi hutu. Daga baya aka ce an tura Riyad wajen wani gwani. Zuwana na ƙarshe wani ya ce ƙila an haɗa da tarkacen ƙarfe an zubar. Amsa uku a kan abu ɗaya da bai kai tafin hannu ba. Ni a ƙone ma ina so. Kwayil waya ce aka naɗa, ana sake naɗa ta, dattijon ya ce zai yi. Ko da zan samu wani agogon irinsa daga Jamus, kuma masu tsofaffin motoci sun san ba arha ba ne, ba shi ne wanda Baba ya yi shekaru yana saurare ba.

Abin da nake nema bai da yawa. A dawo mini da injin agogon yadda yake, da duk abin da aka ciro tare da shi. A mayar mini da riyal 2,070, tunda ba a yi aikin da na biya ba, da kuɗin ɗauko motar daga Hada. Maganar fenti da zobe kuwa, ba na so yaranku su sake taɓa motar. Ni zan zaɓi mai gyara, ku ku biya. Idan da gaske an zubar da kayan, ina so ka gaya mini da bakinka, Alhaji, ba ta bakin mai gadi ba, ka kuma rubuta ka sa hannu.

Na ba da kwana goma daga yau. Idan ban ji daga gare ka ba, zan kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lambarta 1900, da rasit da takardar karɓar aiki da hotuna da agogon kansa, kuma a lokacin ba zan ƙara sakaya suna ba. Wasu dattawa sun ce in bari a sasanta a majalisa bayan isha'i, kada a ji kanmu a gaban hukuma. Na ji, kuma ƙofata a buɗe take. Amma a zo da kayan agogon a hannu.

Juma'ar da ta wuce na ɗauki Hajiya, mahaifiyata, zuwa gidan ƙanwata. Ta zauna a kujerar da ta saba zama kusa da Baba, ta daɗe tana kallon ramin da ke jikin dasbod, sannan ta ce, "Ina agogon Malam?" Na ce mata yana wajen gyara. Za ta sake tambaya ranar Juma'a mai zuwa.

Wassalam.

Ɗan'uwanka,
Mai farar Marsandi 280 SL,
Jidda.