Rassan gwamnati uku, da tambayar jikana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranar Asabar na ɗauko jikana daga Kubwa za mu Asokoro, muka bi ta wajen da Majalisar Tarayya da Kotun Ƙoli da fadar shugaban ƙasa ke maƙwabtaka. Ya ce, "Kaka, wa ya ce a raba su uku?" Shekara 31 na yi ina koyar da fiziks a sakandare, don haka amsar da na ba shi daga ɗakin gwaji ta faro.

A 1633 kotun coci a Roma ta tilasta wa Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, janye maganarsa cewa duniya ce ke zagaya rana. Bayan shekara 27 masana suka kafa ƙungiyar Royal Society a Landan, takenta kuwa shi ne kada a karɓi magana don wane ne ya faɗa, sai an gwada. A 1687 Isaac Newton ya nuna da lissafi cewa ƙarfin da ke jawo ɗan itace ƙasa shi ne ke riƙe wata a kan hanyarsa. Doka ɗaya ce, ba babba ba yaro.

To, John Locke likita ne, ɗan wannan ƙungiya, kuma abokin Newton. Sai ya ɗauki irin wannan tambaya ya kai ta fada: sarki ya ce Allah ne ya ba gidansu mulki, ina hujja? A littafinsa na 1689 ya ce mulki amana ce da jama'a suka bayar, wanda ya ci ta suna da ikon sauke shi. Montesquieu na Faransa ya duba gwamnatoci kamar yadda likita ke duba majinyaci, a 1748 ya ce ba abin da ke taka wa iko burki sai wani iko. Amurka ta gina tsarin mulkinta na 1787 a kan haka, mu kuma muka aro salon a 1979.

Ba waliyyai ba ne, kada a ce na manta. Locke ɗin nan yana da hannun jari a kamfanin da ke jigilar bayi daga gaɓar tekunmu. Gwaji ma ba su suka fara shi ba, masanin nan Musulmi Ibnul Haisam ya yi shi a kan haske a Alƙahira sama da shekara 600 kafin Newton.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mun aro ginin mun bar ɗabi'ar. Makarantar da na yi ritaya a cikinta, ɗakin gwajin ya zama sito. Yara na haddace dokokin Newton uku kamar karatun aku, wanda ya ce "Malam, ta yaya aka sani?" a ce ba shi da kunya. Yaron nan in ya girma, yaya zai tambayi ɗan majalisa ina kuɗin aikin mazaɓa?

Roƙona gare ku, Edita: duk sanda wani jami'i ya ce an shimfiɗa titi kilomita kaza, kada ku buga sanarwar ita kaɗai. Ku tura wakilinku da mota, ya duba mitar tafiya daga farkon kwalta zuwa inda ta ƙare, ku buga lambobin biyu kusa da juna.

Naku,
Tsohon malamin kimiyya,
Kubwa, Abuja.