Wasiƙar Ƙarshen Zango: Kowane Ɗalibi Zai Zo Gida da Littafi Biyu

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara. Da fatan ana damina lafiya, ya kuma hidima da iyali?

Wannan hutun ba za mu kulle ɗakin karatu da littattafan a ciki ba. Kowane ɗalibi zai ari littafi biyu, ɗaya na labarin bincike, ɗaya na abin amfanin yau da kullum. Don Allah kada a ƙwace na farkon a ce shirme ne.

Mun daɗe muna lura da yaran da suka saba da labarin bincike. An yi sata ko an yi ɓarna, ba a san wanda ya yi ba, sai mai bincike ya bi sawu, ya yi tambaya, ya gwada maganar wannan da ta wancan har gaskiya ta fito. Yaron da ya sha irin wannan karatu ba ya saurin ɗora wa ɗan'uwansa laifi. In biro ya ɓata a aji, shi ne za ka ji yana cewa a tsaya tukuna, wa ya gani da idonsa? A wannan zamani da jita-jita ke yawo a WhatsApp kamar wutar daji, wannan hali ba ƙaramin jari ba ne.

Ga 'yan manyan aji mun ware gajerun labaran Shalok Homs, mai binciken nan na birnin Landan da ya fara bayyana a 1887. Gajerun labaransa 56 ne, kowanne ana gama shi a zama ɗaya, kuma wanda ya rubuta su likita ne, shi ya sa jarumin yake duba tabon hannu da laka a takalmi kafin ya buɗe baki. Turancinsu zai taimaka wa masu shirin jarrabawar WAEC da NECO. A Hausa akwai Turmin Danya na ɗan garinmu Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya fito a 1982, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci. Mu da Jibiya, garin kan iyaka, ke kusa da mu, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Wannan na manyan ɗalibai ne, kuma mun fi so uba ko uwa su fara leƙa shi.

Ƙananan aji za su samu Magana Jari Ce. Ba na bincike ba ne, amma cike yake da dabara da warware ƙulli. Ku gaya musu cewa marubucinsa, Abubakar Imam, a nan Katsina ya yi karatu, a nan kuma ya koyar a makarantar Midil. Tsohon ginin Kwalejin Katsina, inda ya yi karatun, yanzu gidan tarihi ne, wanda ya samu hali ya kai su su gani.

Littafi na biyu kuwa so muke a yi aiki da shi, ba a ajiye a saman kwaba ba. Akwai na kiwon kaji da awaki, na noman rani, na ɗinki, na lissafin ciniki, da na taimakon gaggawa. Wannan na ƙarshen ya fi tsaya mana a rai, ganin damina ce, lokacin gudawa da zazzaɓin cizon sauro. Duk yaron da ya ɗauke shi a sa shi ya haɗa ruwan gishiri da sukari a gabanku: lita 1 ta tsaftataccen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai littafin lissafi kuma a miƙa masa cinikin gida na mako guda ya rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita.

Roƙonmu ɗaya ne. Bayan sallar isha'i, ko sau biyu a mako, a ce yaro ya ba da labarin inda ya tsaya, a tambaye shi wa yake zargi, kuma me ya sa. Ko ba ku yi boko ba za ku iya wannan.

A dawo da littattafan a makon farko na komawa, a kuma kiyaye su daga ɗigar ruwa da gara. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa mu ga kaka lafiya.

Wassalam,
Shugaban makaranta da malaman ɗakin karatu, Katsina