Yaya, kada a biya kuɗin filin nan tukuna

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya kai da iyali, yaya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? A gaishe ta sosai, a ce mata ina nan lafiya lau a Misrata, aikin gini muke har yanzu, sai dai sanyin bakin teku da ya fara shigowa.

Na saurari saƙon muryar da ka turo kan filin da mutumin nan ya kawo maka talla can arewa da Tanut, hekta goma a kuɗin da ko hekta biyu ba za su saya ba a wajen Matamaye. Wallahi Yaya arahar ce ta ba ni tsoro, ka san dai araha ba ta ado. Wurin nan ƙasar makiyaya ce, tun 1961 akwai dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, kuma wanda ya yi shuka bayan iyakar in dabbobi suka shiga suka cinye babu wanda zai biya shi ɓarna, sannan a 2010 aka ƙara wata dokar kiwo da ta hana mutum ya mallake filin kiwo ya ce nasa ne shi kaɗai. To me muka saya kenan? Ga ruwa kuma, rijiyoyin can sai an ɗaura wa raƙumi igiya ya yi tafiya mai nisa kafin wasaki ya fito, mu da muka tashi a Birni muna bin layin famfo da jarka tun asuba saboda dutsen da ke ƙarƙashin Damagaram, ai bai kamata a ce mun kwashi gumin shekaru mun kai inda ƙishirwa ta fi ta gida ba.

Ni dai kudu nake so. Ba na ƙin ƙauye mai nisa, nisan ma shi nake nema don na kusa da gudoro 'yan kasuwa da ma'aikata sun riga sun tsadar da shi, amma nisan ya zama wajen Korama, tsakanin Mirya da Magarya, ko Dogo ko Wacha ko Bande, ko kuma Gidimuni ta gabas inda ake rake da dabino. Can akwai wuraren da gaba biyu gaba uku ka taɓa ruwa, da ƙaramin foraj da sola ko injin ban ruwa mutum ya yi noman rani, albasa, kabeji, tattasai, rogo, ba sai ya zauna yana kallon sama wata tara ba. In da hali a samu wanda ya haɗa jigawa da ɗan fadama, jigawar a yi hatsi da wake da gyaɗa don cin gida, fadamar ta kawo kuɗin cefane.

Kuma don Allah kada ka je ganin fili yanzu da kaka ka ce ka gani, yanzu ko'ina kyau gare shi. Ka bari sai bazara wajen watan Afrilu ko Mayu, ka leƙa rijiyar garin da idonka, ka ɗebo ka ɗanɗana, don wasu kwaruruwan kanwa ta cinye su, za ka ga ƙasa ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, irin wannan ko kyauta aka ba mu ba na so. Ka duba gawo. Gonar da ke da gawo da yawa mai ita ya kula da ita, ganyensa na zuba da damina ya zama taki, dabbobi su kwanta a inuwarsa da rani su bar kashi, shi ya sa hatsin gindin gawo ya fi na fili tsayi. Ka tambayi yara masu kiwo inda burtali ya bi, su ba sa ɓoyewa, dillali ne zai ɓoye. Ka kuma tambaya ko amalanke na fita da kaya a watan Agusta ko kwari na yanke hanya, sannan ka duba wayarka ko akwai rezo, don ni daga nan da waya kaɗai zan riƙa bin aikin.

Abin da ya fi damuna shi ne takarda. Yawancin gonakin can na gado ne da ba a raba ba, mutum ɗaya zai sayar maka, bayan shekara biyu ƙanensa ya dawo daga Kano ko Aljeriya ya ce bai sani ba, ko 'yan'uwa mata su taso da rabonsu, kuma da gaskiyarsu. Wata gonar ma jingina take a hannun wani ko aro. Sai an tara magada duka gaban maigari da liman, maƙwabtan iyaka huɗu su tsaya a zagaya da su a kafa alama, kofo ta gari, wato kwamitin da ke kula da sha'anin filaye, ta rubuta takardar saye kowa ya dangwala hannu, sannan a kai meri wajen kofo ta kwamin a shigar. Sunana za a sa yadda yake a kartata, zan turo maka hotonta. Kafin a yi haka ko dala kada ta fita, ko da an ce kafin alƙalami ne.

Kuɗin suna nan a ajiye. Zan turo maka jika hamsin ta kamfanin aika kuɗi na Nita ranar Juma'a, ka ajiye sai lokacin tafiyar ya yi don mai da kabu-kabu da goron maigari, ka tafi da Kawu in jikinsa ya yarda, shi ya san ƙasa kuma tsofaffin can sun fi sakin baki da sa'ansu. Mutumin Tanut kuwa ka ba shi haƙuri da daɗin baki, ka ce ƙanenka ne bai shirya ba.

A gaida Inna da su Iya da yara duka, a ce wa auta ta dage da lakwal, wayar da na yi mata alkawari tana nan. Sai na ji ka.

Ƙanenka