Wasiƙa kan littafin Harper Lee da aka mayar zane

Salam mutumina,

Ya kake ya iyali, ya sanyin can? Da fatan madam da yara duk suna lafiya, mu nan sai godiya.

Ka tuna To Kill a Mockingbird na Harper Lee, wanda ya fito a 1960 ya ci kyautar Pulitzer a 1961? To ashe tun 2018 an mayar da shi littafin zane, wani ɗan Ingila Fred Fordham ne ya yi aikin, shekara biyu bayan rasuwar marubuciyar. Na samu kwafi na karanta, kuma wallahi kai ka fara faɗo min a rai tunda kai ne mai hannun zane a cikinmu.

Zaman kotun ne ya fi kama ni. A rubuce dai an faɗa mana baƙaƙen fata na garin Maycomb a saman bene suke zama farare a ƙasa, amma da ka ga abin da idonka, Scout da Jem can sama kusa da Rabaran Sykes suna leƙen babansu lauya Atticus yana kare Tom Robinson, baƙar fatar da aka zarga da yi wa wata farar yarinya Mayella fyaɗe, ba sai wani ya yi maka bayanin wariyar Alabama ta shekarun 1930 ba. Haka hannun hagun Tom da injin gurzar auduga ya lalata tun yana yaro, kana ganinsa ka san ba shi ya daki Mayella a gefen dama na fuska ba, amma masu yanke hukunci farare zalla suka ɗora masa laifin. Raina ya ɓaci sosai a wajen nan, fiye da karatun farko ma.

Fordham ya kyauta da ya riƙe kalmomin Harper Lee a yawancin wurare, yanka kawai ya yi, duk da dai muryar Scout babba mai tuno yarintarta ta ragu don dole.

Boo Radley, maƙwabcin su Scout ɗin nan da ba ya fitowa daga gida, shi ne damuwata. Duk tsawon labarin a kanka kake ƙera shi kamar yadda yaran ke yi, to ranar da aka zana masa fuska shikenan an ƙwace maka naka. Kai da za ka zana shi ya za ka yi, ka nuna fuskar ko ka bar shi a bayan ƙofa? Don Allah ka ba ni amsa, da gaske nake.

In na samu mai tahowa wajenku zan aiko maka da littafin. Ka gaida mutanen gida.

Naka a kullum