Sanarwa kan iyalan da maigidansu ke gidan kaso

Assalamu alaikum ƴan uwa, maza da mata.

Jiya bayan la'asar na leƙa wani gida a unguwar Bagalam, wanda maigidan ke tsare a gidan kason Maradi tun kafin damina, shari'a ma ba a fara ba. Na tarar da uwargida tana raba tuwo ɗaya gida biyu, rabi a kwanon yara huɗu, rabi a wanda za ta kai masa. Kuɗin kabu-kabu ma sai da ta ranta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne babban yaron. Ya daina zuwa lakwal saboda abokansa na kiransa ɗan fursuna. Wallahi yaron nan bai yi wa kowa laifi ba.

Don haka muna neman gudummawa kafin komawa makaranta a watan Oktoba: tiyar hatsi, sabulu, littattafan rubutu, ko kuɗi jaka ɗaya ga mai hali. A miƙa wa ma'ajin rukuni zuwa ranar Juma'a.

Wanda ya san hanyar neman takardar izinin ziyara a kotu, don Allah ya fito ya raka matan waɗanda ke tsare, da yawansu ba su iya Faransanci ba.

Roƙo ɗaya kuma: kada a saka hoto ko sunan kowa a rukunin nan. Wanda ya san wani gida mai irin wannan lalura ya same ni ni kaɗai.

Allah ya saka da alheri.