A taimaka wa mataimakan nas su samu cikakken lasisi

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana a kanmu, mu da ake kira mataimakan nas a nan Ghana. Kwas ɗin shekara 2 muka yi muka fito da satifiket, Hukumar Nas-nas da Ungozomomi ta ba mu lambar da ake kira AIN. Wanda ya yi difloma ta shekara 3 shi ake ba PIN, shi ne cikakken nas. Ban ga laifin wannan bambanci ba. Ran mutum ba abin wasa ba ne, dole a tantance.

Amma a leƙo ɗakin marasa lafiya da tsakar dare a gani. Mu ke juya dattijon da ya daɗe a kwance don kada bayansa ya yi gyambo, mu ke lura idan ƙarin ruwa ya tsaya. A kawo wata iya daga Aboabo ko Asawase, ba ta jin Turanci, Twi ɗinta kuma na cinikin kasuwa ne, sai a aiko a kira ni. Ni zan durƙusa gefen gado in ce, "Iya, a ina yake miki ciwo, tun yaushe?" Sai ta riƙe hannuna tukuna ta faɗi jiƙon da ta sha a gida, wanda ta ɓoye wa likita.

A takarda dai akwai hanya. Wadda ta gama NAC ko NAP, wato kwasa-kwasan mataimakan nas ɗin nan na shekara 2, tana iya komawa ta karanta aikin ungozoma, ta rubuta jarrabawar lasisi. Matsalar ita ce hutun ƙaro karatu. Nas-nas suna ta ficewa zuwa Ingila, hannu ya yi kaɗan, shugabar ɗaki ba ta iya sakin kowa, kuma ni ban ga laifinta ba. In ka ajiye aikin ka tafi ba albashi, wa zai biya kuɗin haya da na makarantar yara? Wasunmu ma sai sun sake zaman WASSCE, jarrabawar gama sakandare, saboda lissafi, ga su da 'ya'ya a sakandare.

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya shi ne ta ƙara azuzuwan ƙarshen mako a makarantun jinya, irin ta asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, mutum na aiki yana karatu, kuma a lissafa masa shekarun da ya yi a bakin gado wajen ɗaukar ɗalibai. Jarrabawar kam kada a sassauta mana ko kaɗan. Asusun Raya Zango da aka yi dokarsa a 2017 shi ma ya dubi wannan, don ba kwalbati da fitilar titi kaɗai Zango ke buƙata ba. Ya biya wa 'ya'yanmu mata kuɗin makaranta, su sa hannu cewa za su dawo su yi aiki a asibitocin unguwanninmu.

Wassalam.

Wata mataimakiyar nas,
Aboabo, Kumasi